Kawu Abdulmumini da Labarin da Ya Tsaya a Ƙofar Shiling

A gidanmu na Gwammaja, idan aka yi musu kan wata tsohuwar magana, ni ake kira. Wa ya riga wani aure, wace shekara aka rushe rumbun Malam aka yi ɗaki a wurin, wa ya dasa lemon tsamin da ke bayan gida. Ba don na fi kowa ƙwaƙwalwa ba ne. A ɗakin kakarmu Hajjo na tashi, wadda muke kira Inna, kuma yarinyar da ta tashi a ɗakin tsohuwa kunnenta ba ya hutawa. Shi ya sa da na ce zan rubuta wani abu a kan Kawu Abdulmumini, yayan mahaifiyata, ba wanda ya yi mamaki. Shi ne kawai ya ce, "Radiyya, ke dai ba kya gajiya da tone-tone." Amma bai hana ni ba.

Kawu ya haura shekara hamsin. Tun ina goye ya tafi Guangzhou ta ƙasar Chaina, kuma har yau yana nan, a wani ɗan ɗaki a unguwar Dengfeng, saman shagon masu gyaran waya. Iyalinsa suna Kano, yakan je da Babbar Salla idan hali ya yi. Aikinsa sayen jakunkuna ne, na mata da na 'yan makaranta, yana aika wa 'yan kasuwar Kwari da Sabon Gari. Ba shi ne mai kayan ba. Su za su turo hoton abin da suke so, shi ya je ya nemo, ya duba ɗinki, ya ja zif ya gani ko zai cije, ya tsaya a kan kaya har a loda. Ana kiransa Alhaji, kuma ya yi aikin Hajjin, amma ba Alhajin mota da gida ba ne. Mutum ne dogo, mai ƙarancin magana, wanda ba ya cire hula ko da zafin garin nan ya kai mutum ya ji kamar a tukunya yake. Idan ya yi dariya yakan sa hannu ya rufe baki, kamar ya yi abin da bai kamata ba.

Jakunkuna a Shiling ake yin su, wani gari da ke wajen birni, inda kusan kowane gida ko shago ne ko masana'anta. Tafiyar tana da ɗan nisa, saboda haka 'yan kasuwa sukan haɗa kai su ɗauki mota ɗaya. Abokin tafiyar Kawu na dindindin shi ne Harouna, mutumin Maraɗi, wanda ya girme ni amma bai kai Kawu ba, mai surutu da tsokana. Direbansu wani ɗan Chaina ne da suke kira Lao Liang.

Wata safiya da ake ruwa kamar da bakin ƙwarya, direban ya tsaya ya ɗauki wani dattijo Ba'indiye da motarsa ta ƙi zuwa. Gajere ne, mai furfura, da tabarau, yana rungume da jerin 'yan kwanonin abinci da aka ɗora ɗaya kan ɗaya. Sunansa Kulkarni. Shi ma jaka yake saye yana aikawa ƙasarsu. Ya zauna a gaba, ya juyo ya gaishe su, kuma kafin su fita daga birni ya fara ba su labari. Daga ranar ya zama na uku a motar.

Da Turancin kasuwa suke magana, gauraye da 'yan kalmomin Sinanci. Ni a nan na mayar da shi Hausa yadda Kawu da Harouna suka ba ni.

Kulkarni ya ce kakansa malami ne a wani ƙaramin gari a ƙasarsu, masanin Sanskrit, tsohon harshen da aka rubuta iliminsu na dā da shi. "Kamar yadda kuke da Larabci," in ji shi. A cikin littattafan kakan akwai na labaran sarakunan dā, irin waɗanda ba a san ko sun taɓa rayuwa ba. Sarki ɗaya sai ya riƙe littafi guda, labari na cikin labari, wani na buɗe wani, kuma sau da yawa a ƙarshe sai a jefa wa mai sauraro tambaya. Shi Kulkarni bai yi karatun da nisa ba, kasuwa ta janye shi tun yana saurayi. Abin da ya rage masa shi ne labaran, da 'yan baitocin da kakan yake rerawa kafin ya fara. Yakan rufe ido ya rera su a motar da wata murya mai hawa da sauka, har Lao Liang ya rage rediyo.

Da farko Kawu bai saki jiki ba. Ya ce masa, "Malam Kulkarni, ka ba mu na sarakai, ka bar na gumakan nan."

Kulkarni ya ce, "Alhaji, in na cire su, da wa sarkin zai yi gardama?"

Harouna ya ce, "Ka mai da su aljannu mana. Aljani dai Alhaji ya yarda da shi."

Haka aka shirya. Aka yi ta jin labarin sarkin da ya yi shari'a tsakanin manomi da gajimaren da ya wuce gonarsa bai zubar ba, da na sarkin da giwarsa ta ƙi durƙusa masa saboda wata 'yar ƙarya da ya yi da safe. Idan Kulkarni ya kai wurin tambaya, sai motar ta kacame. Harouna kullum hukuncinsa a yanke kan wani. Kawu yakan bari sai an wuce wata gada, sannan ya faɗi magana ɗaya, kuma Kulkarni yakan juyo ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Kakana ma haka ya ce." Wani lokaci kuma ya ce, "A'a, Alhaji, yau ka faɗi."

Zumunci ya shiga tsakaninsu ta hanyar da ba su shirya ba. Kulkarni ba ya cin nama, Kawu kuma ba ya cin abin da bai san wanda ya yanka ba, saboda haka a Shiling su biyu ne suke zama a bakin matakala su ci soyayyen wake da gurasar da ke cikin kwanonin nan, Harouna ya tafi neman taliya. Idan azahar ta yi, Kawu ya shimfiɗa kwali a lungun sito, Kulkarni ne yake tsayawa a kan takalmansa da samfurin kayansa, yana kore masu turo amalanke.

Abu ɗaya ne ya tsaya a tsakani. Kulkarni ya ce a gidan kakansa ba a jin labari a tashi haka nan. Wanda ya ji, shi ma sai ya ajiye nasa, ko gajere ne, ko na ƙarya ne. Harouna ya ba da nasa tun makon farko, labarin wani ɗan kamasho a Maraɗi da ya sayar wa mutum jakinsa na kansa. Har Lao Liang ya ba da wani na ƙauyensu da ba wanda ya gane ƙarshensa, amma aka tafa masa. Kawu ne kaɗai bai ba da ba. Kuma ba kowane labari Kulkarni yake so daga gare shi ba. Ya ce, "Ba na kasuwa ba. Irin wanda tsofaffin mata suke ba yara a garinku. Akwai ai?"

Harouna ya ce, "Tatsuniya yake nufi, Alhaji."

Kawu ya ce, "Na ji abin da yake nufi."

"To ka yi masa mana."

"Da rana tsaka? A ina ka taɓa jin an yi tatsuniya da rana?"

Ya bayyana wa Kulkarni cewa a wurinmu sai dare ake yi, kuma ana gaya wa yara wanda ya yi da rana zai ɓata a hanya. Kulkarni ya nuna na'urar da ke gaban direba ya ce ai wannan ta san hanya. Kawu ya rufe baki ya yi dariya, ya ce kuma ba aikin magidanci ba ne, na mata ne da yara. Wannan ma gaskiya ce. Na san da Kawu ya buɗe baki ya ce ga ta nan ga ta nanku a motar nan, kafin la'asar duk wani mai jin Hausa a Dengfeng ya ji labari daga bakin Harouna.

Sai abin ya zama wasa. Kullum Kulkarni ya shiga mota, bayan gaisuwa, sai ya miƙo tafin hannu baya ya ce, "Lawban, kayana sun iso?" Lawban shi ne maigida a bakin 'yan Chaina. Kawu kuma ya ba shi amsar da masu shago suke bayarwa idan abu ya ƙare: "Meyo." Babu. Harouna ya ce, "Ku Kanawa ko tatsuniya sai an yi ciniki." Shekaru suka yi ta tafiya a haka, meyo, meyo.

Tafiyarsu ta ƙarshe su uku ta zo ne dab da hutun sabuwar shekarar 'yan Chaina, lokacin da masana'antu suke shirin rufewa kowa yana gaggawar kwashe kayansa. Hanya ta cushe. Kulkarni ya rera baitinsa, ya ce yau zai ba su wanda kakansa ya fi so, wanda ba ya bayarwa sai ga wanda ya daɗe da sani.

Wai an yi wani sarki da ya yi rantsuwa ba zai sa loma a baki ba sai kowa a birninsa ya ci. Kullum da yamma yakan hau soron fada ya duba hayaƙi. Gidan da bai ga hayaƙi ba, sai a aika da abinci, sannan shi ya ci. Aka daɗe a haka, har sunansa ya kai ƙasashe. Ran nan sai ya ga wani ɗan gida a ƙarshen gari babu hayaƙi. Na wata tsohuwa ne mai kaɗin auduga. Aka kai mata akushi, ta dawo da shi a rufe. Aka kai mata hatsi da itace, ta ce a mayar. Ba ta da ciwo, ba ta da azumi, ba ta da ƙara a kan kowa. Ta dai ƙi ci. Sarki kuwa rantsuwa ta ɗaure shi, shi ma bai ci ba. Waziri ya je, ta yi shiru. Matar sarki ta je, ta yi shiru. Da yunwa ta fara kayar da sarki, sai ya tashi da ƙafarsa, ba doki ba lema, ya ɗauki akushin da kansa, ya je ya tsaya a ƙofarta. Ya ce, "Uwata, me kike so in yi ki ci?" Tsohuwa ta ajiye mazarinta, ta ɗago kai ta dube shi, ta ce...

Nan motar ta tsaya a ƙofar masana'anta. Kulkarni ya tattara kwanoninsa ya buɗe ƙofa.

Harouna ya ce, "Kai! Ta ce me?"

Kulkarni ya ce, "Meyo."

"Wallahi ba ka isa ba. Dawo ka zauna."

"Ka tambayi Alhaji. Ranar da ya ba ni nawa, ranar tsohuwa za ta yi magana."

A hanyar dawowa Harouna ya yi lallashi, ya yi barazana, ya yi alkawarin sayen wake buhu guda. Kulkarni ya kafe. Harouna ya juya kan Kawu ya ce, "Alhaji, ka ga tsohuwar nan da ta rufe baki ta bar bawan Allah a tsaye? Kai ne. Ba wani ba ne." Kawu ya ce idan an dawo hutu za a gani. Ya gaya mini a ranar da gaske yake, ya yi niyya.

Ba a dawo hutun yadda aka saba ba. Kulkarni ya tafi gida ganin iyalinsa, sai annobar nan ta rufe duniya. Shi ya maƙale can, Kawu ya maƙale nan. Ba zan ba da labarin wahalar da baƙi suka sha a lokacin ba, Kawu ba ya son a tayar da ita. Amma suna gaisawa ta waya. Kulkarni yakan turo saƙon murya ya ce, "Alhaji, sarki fa yana nan tsaye a ƙofa, ƙafarsa ta kumbura." Kawu ya tura masa meyo, da dariya. Daga baya saƙonnin suka ja baya, sannan suka ɗauke. Kawu ya ɗauka ko ya canza lamba ne, ko ya bar harkar. A cikin wannan tsakanin ne Inna ta rasu. Kawu bai sami zuwa jana'iza ba, a waya aka gaya masa.

Ni na zo Guangzhou ne bayan an buɗe hanya, mahaifiyata ta turo ni in koyi sayen kayan sawa a kasuwar Baima saboda shagonta. Kawu ya sama mini wuri a gidan wata Hajiya 'yar Kano, kuma ranar da ba ni da aiki yakan tafi da ni Shiling in ga gari. Ni nake zama a gaba. Ranar farko Harouna ya ce, "Ɗiyar Alhaji, kin san kujerar wa kika hau?" Shi ya ba ni labarin duka, har da na tsohuwa mai kaɗi, yana kwaikwayon muryar Kulkarni. Kawu yana kallon taga.

Abin ya tsaya mini a rai. Na yi ta bincike a waya, na karanta labaran sarakunan nan na Sanskrit iya abin da Turancina ya kai. Suna da yawa, wasu har sun yi kama da waɗanda Kulkarni ya ba su. Amma ban ga tsohuwa mai kaɗi ba.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, muna cin tuwon shinkafa a wani ɗan gidan abinci a Dengfeng, na ce, "Kawu, don Allah in tambaye ka. Da Harouna ne matsalar, ai da ka tura wa Kulkarni tatsuniyar a waya ba wanda zai ji. Da rana ce matsalar, ai dare yana yi a nan ma."

Ya daɗe yana juya loma a miya. Sannan ya ce, "Ba ni da ita ne."

"Ba ka da me?"

"Tatsuniyar. Guda ɗaya na sani, ita ma rabi."

A nan ne na gane abin da ya kamata in gane tun tuni, ni da ake cewa na san komai na gidan. Kawu ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba har ta koma ga Allah. "Wancan" take cewa, ko "mutumin Chaina". Tun da aka yaye shi aka miƙa shi ɗakin kakarsa ta wajen uba, mace mai tazbaha wadda ba ta tatsuniya. Idan Inna ta tara ƙannensa a tsakar gida tana yi musu, shi ba ya zama, don in ya zauna za ta yi shiru ta tashi. Sai ya raɓe a bayan katangar zaure. Daga nan ana jin magana, amma Inna idan ta zo wurin waƙa takan sassauta murya, kamar mai rarrashin jariri. Saboda haka ya san farkon tatsuniyar tukunya mai tsegumi, ya san ƙarshenta, bai taɓa jin waƙar sosai ba.

Kawu ya ce, "Mutumin nan kafin ya fara sai ya rera abin kakansa, tsaf, ba ya tuntuɓe. Ni in kawo masa abu da rami a tsakiya? Ya ce ina waƙar, in ce ban ji ba, a bayan katanga nake?"

Na ce, "Da ka tambayi Inna."

Ya dube ni. Ni ma na san maganar banza na yi. Ni ce mai kai mata waya idan ya kira. Gaisuwa ce kawai, ita tana kallon gefe tana amsawa da "lafiya, lafiya", sannan ta miƙo mini ta ce, "Ki ce masa Allah ya yi albarka." Ta ina zai fara cewa Inna yi mini waƙar tukunya? Na tuna wata rana, bayan ta miƙo mini wayar, ya ce, "Radiyya, har yanzu Inna tana yi muku tatsuniya?" Na ce e, jiya ma ta yi. Ya ce, "To madalla." Sannan ya yi sallama.

Tatsuniyar ba wata doguwa ba ce. Tukunya ce guda a unguwa da ake aro gida-gida, ita kuma duk gidan da ta je sai ta faɗi abin da aka dafa a gidan da ta baro, har ta haɗa unguwa faɗa. A wurin cin abincin nan, da mutane a kowane tebur, na sunkuyar da kai na rera masa a hankali yadda Inna take yi:

Gidan Tanko miyar kuka,
Gidan Ladi ruwa zalla,
Ni tukunya ba ni da rufi,
A kife ni in yi shiru.

Kawu ya ajiye lomar da ke hannunsa. Ya ce, "Ruwa zalla ne? Ni duk shekarun nan ruwan kanwa nake ji." Ya ce in sake. Na sake. Bai ƙarasa tuwon ba.

Mako na gaba, muna hanyar Shiling, rana ta take sosai, ya miƙo mini wayarsa ya ce in nemo lambar Kulkarni in danna wurin ɗaukar murya. Harouna ya buɗe baki zai yi magana, ya ga fuskar Kawu, ya rufe. Na ce, "Kawu, da rana ne fa." Da wasa na faɗa. Na gaya masa cewa Inna, idan yara suka matsa mata da rana, takan ƙulla bakin zaninta tukuna, wai ta ɗaure ɓatan hanya, sai an gama ta kwance. Kawu ya duba jikinsa, ba zani. Ya jawo jakar da yake zuba samfuri a ciki, ya ƙulla igiyarta.

Ya gyara murya ya ce, "Ga ta nan, ga ta nanku."

Ni ya kamata in amsa, amma aka riga ni. Sai Harouna, a hankali, ba tsokana, ya ce, "Ta zo mu ji ta, Alhaji."

Ya ba da ita da Turancinsa na kasuwa, yana tuntuɓe, yana neman kalmar tukunya, yana komawa baya. Waƙar kuwa da Hausa ya yi ta, da muryar da ban taɓa sanin yana da ita ba, siririya. Lao Liang ya kashe rediyo. Da ya kai ƙurunƙus, sai ya ƙara da cewa, "Malam Kulkarni, kayanka sun iso. Sun yi latti, ka yi haƙuri. Yanzu tsohuwa ta ce me?"

Amsa ba ta zo a ranar ba, ba ta zo a makon ba. Da ta zo, ba muryarsa ba ce, ta 'yarsa ce. Ni na saurara na fassara wa Kawu inda bai gane ba. Ta ce mahaifinta yana raye, amma ya sami shanyewar ɓarin jiki tun shekarun annoba, kuma maganarsa ta tafi. Yana ji, yana gane mutane, amma ba ya iya furta komai, hannun rubutunsa ma ya mutu. Ta ce ta kunna masa saƙon. Da aka zo wurin waƙa ya yi ta buga ɗayan hannun a kan gado, ya sa ta maimaita har ta gaji. Ta ce ya yi dariya irin wadda ya daɗe bai yi ba, daga baya ya yi kuka, ya yi ta ƙoƙarin faɗin wani abu, bakinsa yana motsi, abin bai fito ba.

Kawu ya sa na tambaye ta ko ta san labarin sarki da tsohuwa mai kaɗi. Ta ce ba ta sani ba. Ita makarantar Turanci ta yi, ba ta zauna ta ji waɗannan abubuwa ba, kuma yanzu tana jin ciwon hakan. Ta tambayi wani baffanta, ya ce bai san shi a littafi ba, mai yiwuwa cikin waɗanda kakan yake ƙarawa da kansa ne. Littattafan ma an daɗe da bayar da su.

Kawu ya ce, "Allah ya ba shi lafiya." Ya karɓi wayarsa ya sa a aljihu. Ranar bai je kasuwa ba.

Yanzu ina shirin komawa Kano, kuma na rubuta wannan ne don 'ya'yan Kawu su san wani abu game da mahaifinsu ban da kwalayen da yake aikowa. Har yanzu yana zuwa Shiling. Duk Juma'a yakan tura wa Kulkarni gaisuwa, wani lokaci ya sa ni in koya masa wata tatsuniyar Inna ya tura, 'yar kuma ta turo hoton dattijon a zaune da waya a kunne. Harouna bai daina hasashe ba. Yau ya ce tsohuwar so take sarki ya ci nata tuwon, gobe ya ce ɗanta aka kashe a yaƙi, jibi ya ce mayya ce kawai a ƙone gidan. Idan ya ce, "Alhaji, kai me ka gani?" sai Kawu ya ce, "Ba nawa ba ne da zan ƙarasa."

Jiya da nake taya shi kwashe samfuri na ga ƙullin nan yana nan a igiyar jakar, har ya yi baƙi don riƙo. Na sa hannu zan kwance, na ce ai an yi ƙurunƙus tun tuni. Ya riƙe jakar ya ce, "Bar shi. Tawa ce kawai ta ƙare."